An Ce Hantarka Ta Yi Kitse? Ga Yadda Na Bi da Tawa

Ranar da na karɓo takardar sikanin daga Kano ban wuce gida kai tsaye ba. Juma'a ce, kasuwar Wudil na ci, sai na sauka na nufi layin mahauta wurin wani abokina da muka yi firamare tare. Na ce masa, "Sarkin fawa, don Allah nuna mini hanta mai kitse." Ya dube ni kamar wanda ya zautu, sannan ya ɗauko hanta biyu ya ɗora a kan tebur. Ɗaya ja ce wur mai duhu, gefenta siriri kamar bakin wuƙa. Ɗayar ta koɗe, ta yi ɗorawa-ɗorawa, gefenta ya dunƙule, yana danna ta da yatsa tana neman farfashewa. Ya ce, "Malam, wannan ta biyun ta dabbar turke ce, ci da kwanciya. Me ya kawo tambayar?" Na ce masa likita ya ce tawa ta fara zama haka.

Ni malamin makaranta ne, shekara 22 ina koyar da ilimin halittu a wata sakandare a ƙasar Gaya. A lokacin ina da shekara 49, nauyina kilo 92. Ban taɓa ɗanɗana giya ba. Ciwon mara ne ya kai ni asibiti, aka yi hoton ciki, aka tarar da abin da ba shi aka je nema ba. Haka yawancin mutane ke gano wannan larura, domin hanta ba ta da raki. Tana iya shekara goma tana lalacewa mai ita na ta harkokinsa.

Abin da zan rubuta a nan shi ne hanyar da na bi, da dalilin kowane mataki. Ba zai maye maka gurbin likita ba, amma zai sa in ka shiga wurinsa ka san abin da za ka tambaya.

Kitsen kaɗai ba shi ke kashe hanta ba

Ana cewa hanta ta yi kitse idan fiye da kashi 5 cikin 100 na ƙwayoyinta sun tara maiƙo. Kusan mutum 3 cikin kowane baligi 10 a duniya na ɗauke da wannan, kuma a cikin masu ciwon suga na manya abin ya haura rabi. Mafi yawansu ba za su taɓa kaiwa ga mummunan hali ba. Waɗanda ke shiga uku su ne waɗanda kitsen ya jawo musu kumburi, kumburin ya bar tabo, tabon ya yi ta taruwa har hanta ta ƙandare, wani lokaci ma daji ya biyo baya. To me ya sa wani kitsensa ke kwance lafiya, wani kuma nasa ke tada rikici? Babban ɓangare na amsar yana wurin garkuwar jiki.

Ga yadda nake kwatanta wa ɗalibaina. Hanta, wadda nauyinta ya kai kilo ɗaya da rabi, kamar kasuwar kan iyaka take, ka ce Maigatari ranar Alhamis. Kusan kashi uku cikin huɗu na jinin da ke shiga cikinta daga hanji da maƙwabtansa yake zuwa, ɗauke da duk abin da ka ci, da guntattakin ƙwayoyin cutar da ke zaune a hanji. Baƙi ne iri-iri kullum. Da masu gadin wannan kasuwa za su riƙa far wa kowane baƙo da gora, da kasuwa ba ta ci ko rana ɗaya ba. Saboda haka Allah ya yi garkuwar hanta mai kawaici. Akwai masu gadi da ke zaune a bakin hanyoyin jini, ana kiran su ƙwayoyin Kufa, suna haɗiye datti. Akwai 'yan sintiri masu zafin kai, wato ƙwayoyin T masu yaƙi. Sannan akwai wasu 'yan kaɗan daga cikin dangin T ɗin nan waɗanda aikinsu kawai raba faɗa ne. Masana na taƙaita sunansu da Tireg. Ni dattawan sulhu nake ce musu. Ba su wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na rukunin da suke ciki ba, amma in babu su gari ba ya zaunuwa.

Wani masani ɗan Japan, Shimon Sakaguchi, shi ya fito da su fili a 1995. A 2001 wasu Amurkawa biyu, Mary Brunkow da Fred Ramsdell, suka gano cewa wani nau'in ɓeraye da garkuwarsu ke cinye jikinsu har su mutu suna ƙanana, matsalarsu lalacewar ƙwayar gado guda ce mai suna FOXP3, kuma akwai jarirai maza da ake haifa da irin wannan cuta. A 2003 Sakaguchi ya nuna cewa wannan ƙwayar gado ita ce rawanin da ke mai da ƙwayar T ta zama dattijon sulhu. Su ukun aka ba kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2025. Yadda dattawan ke aiki kuwa, suna fitar da wasu sinadarai masu sanyaya rai, irin su IL-10, suna kuma wawashe abincin da 'yan sintiri ke buƙata kafin su hayayyafa.

Idan ƙwayar hanta ta cika da maiƙo, sai ta shiga ƙona shi babu ƙaƙƙautawa, ƙonawar na fitar da guba kamar yadda murhu ke fitar da hayaƙi. Wasu ƙwayoyin su mutu, masu gadi su yi kururuwa, 'yan sintiri su cika wuri. A gwajin da aka yi da ɓerayen da aka ɗora wa abinci mai maiƙo, an ga cewa hayaƙin nan ya fi saurin kashe dattawan sulhu fiye da masu yaƙi, kuma da aka ɗebo sababbin dattawa aka zuba musu, kumburin ya ragu. Wani bincike da aka yi a jami'ar Habad ta Amurka a 2009 ya nuna cewa kitsen cikin ɓera marar ƙiba cike yake da waɗannan dattawa, amma da ya yi teɓa sai su ragu sosai, kitsen cikin ya koma wurin da ake hura wutar kumburi, jiki kuma ya daina sauraron insulin, sinadarin da ke sauke suga a jini. Wannan kitsen na cikin tumbi, jininsa ta hanta yake bi.

Da labarin ya tsaya a nan, da sai mu ce a nemo abin da zai ƙara yawan dattawa a huta. Amma akwai sauran rina a kaba. Duk wanda ya zauna a ƙauye ya san dattijon da ba shi da magana sai "a yi haƙuri", ko da ɓarawo aka kama da akuya a kafaɗa. Idan cutar ta yi nisa, an ga dattawan nan na ƙaruwa a cikin hanta, kuma a lokacin alherinsu na iya juyewa. Suna hana masu yaƙi kashe ƙwayar da ta fara zama daji. Wani bincike na 2024, shi ma a ɓeraye, ya nuna suna fitar da wani sinadari na gyaran rauni mai suna amfiregulin, wanda ke zuga ƙwayoyin da ke saƙa tabo a hanta su ƙara himma. Suna nufin ɗinke ɓaraka, suna ƙara ƙandarar da hantar.

Na tsaya a kan wannan ne saboda dalili ɗaya. Sati biyu bayan an ji labarin ciwona, mutum uku suka kawo mini "maganin ƙara garkuwa", ɗaya a jarka, biyu a kwalba mai hoton hanta. A wannan ciwo ba ƙarancin faɗa ne matsalar ba, faɗan ne ya yi yawa. Kuma har yau babu wani magani, na asibiti ko na kasuwa, da aka amince da shi don daidaita waɗannan ƙwayoyi a hantar mai kitse. Wanda ya ce maka yana da shi a cikin but ɗin motarsa da lasifika, kuɗinka yake so. Abin da ke hannunka shi ne ka rage abin da ke jawo rikicin tun daga tushe, dattawan su samu su numfasa. Sauran bayanin duk a kan haka yake.

Fara da sanin abin da kake ɗauke da shi

Kafin ka canja ko loma ɗaya, ka sa a gwada maka ciwon hanta nau'in B da C. A ƙasarmu wannan ba abin wasa ba ne: binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 na ɗauke da nau'in B. Mutum na iya haɗa shi da kitse, kuma in sun haɗu hanta ta fi saurin gajiya. In ba ka da shi, ka yi rigakafi, ka kuma tabbata duk jaririn da aka haifa a gidanka ya sami allurar farko cikin awa 24. Wanda ya yi shekaru yana aikin fadama ko noman rani a cikin ruwa ya faɗa wa likita, domin akwai nau'in tsutsar tsargiya da ke barin tabo a hanta.

Sannan a gwada suga, hawan jini da maiƙon jini. Abin da ya fi kashe masu kitsen hanta ba hantar ba ce, zuciya ce. Ni a nan aka gano sugana na bakin ƙofa, bai shiga ba tukuna.

Sai abin da na fi so ka riƙe. Hoton sikanin yana nuna kitse, amma ba ya faɗa maka yawan tabo, kuma tabon shi ne ke yanke hukunci. Akwai wani lissafi da likitoci ke kira FIB-4, wanda ke buƙatar abu huɗu kawai: shekarunka, sinadaran hanta biyu da ake rubutawa AST da ALT, da yawan ƙwayoyin daskarar da jini, wato filatilet. Ana ninka shekaru da AST, a raba da abin da aka samu in an ninka filatilet da tushen ALT, wato lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka ALT ɗin. Nawa ga shi: shekara 49 sau 38 ya ba da 1862. ALT ɗina 64 ne, tushensa 8, sau filatilet 230 ya ba da 1840. In ka raba sai ka sami 1.01. Ƙasa da 1.3 na nufin da wuya a ce akwai tabo mai yawa. Sama da 2.67 na nufin a tura ka wurin likitan hanta ba tare da jinkiri ba. Tsakani kuma a ƙara bincike, galibi da wata na'ura mai auna taurin hanta da ake kira FibroScan. Lissafin ba ya aiki sosai ga wanda bai kai 35 ba, ga wanda ya haura 65 kuma ma'aunin na canjawa, don haka ka bar likita ya fassara maka. Mu a wannan yanki, manyan wuraren da ake tura mutum su ne Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ga mutanen Jigawa kuma akwai na Rasheed Shekoni a Dutse da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu. Gwajin jinin kansa ana yin sa a manyan asibitocin ƙananan hukumomi da yawa.

Sikeli da tef ɗin tela

Ka san inda za ka. Rage kashi 3 zuwa 5 cikin 100 na nauyinka na rage kitsen. Kashi 7 na fara kwantar da kumburi. Kashi 10 na iya sa tabon da kansa ya ja da baya. Ga mai kilo 92 kamata, wannan kilo 6 da rabi ne zuwa 9. Ba a yin sa da gaggawa, rabin kilo zuwa kilo ɗaya a sati ya isa. Wanda ya ƙuntata wa kansa da yunwa don ya zube cikin wata guda na iya ƙara wa hantar wahala, ya kuma jawo tsakuwa a matsarmama.

Ba ni da sikeli a gida. Na riƙa hawa na ƙaramin asibitin garinmu ranar Litinin ta farkon kowane wata. Amma abin da ya fi mini amfani tef ne da na saya a wurin tela. Ka tsaya da safe kafin ka karya, ka zagaya shi daidai tsakanin ƙashin haƙarƙari na ƙasa da ƙashin ƙugu, ka saki numfashi, kada ka tsuke ciki don yaudarar kanka. Namiji ana so ya kasance ƙasa da santimita 94, mace ƙasa da 80. Nawa 106 ne. Akwai siraran mutane masu ɗan tumbi a gaba kamar an kifa ƙwarya, su ma abin na kama su, kada rashin ƙiba ya ruɗe su.

Suga da ake sha

Na ɗauka da farko nama da man shanu za a hana ni. Ashe babban ɓarawon a cikin kofi yake. A Faransa akwai masu kiwon agwagi da dinya da ke yi musu ɗure don hantarsu ta cika da kitse, su sayar da ita da tsada. Da me suke yin ɗuren? Da masara. Hanta ta iya mai da gari da zaƙi su zama maiƙo, kuma rabin sukarin da muke sha wani nau'i ne da ake kira furuktos, wanda hanta ce ke ɗaukar mafi yawan nauyin sarrafa shi.

Na zauna da biro na ƙirga na kwana ɗaya. Koko da safe, cokali uku. Shayi a teburin mai shayi kafin shiga aji, cokali huɗu, ga madara mai zaƙi, ga burodi. Lemon kwalba mai sanyi bayan Azahar, wanda yawancinsu akwai kusan giram 10 na sukari a kowane mililita 100, wato robar rabin lita ta kai cokali 12. Fura da yamma, an zuba mata. Shayin dare da abokan hira, ƙananan kofuna uku masu kauri kamar zuma. Na haura cokali 30. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya wuce kimanin giram 50 a rana, wato ƙaramin cokali 12, kuma rabin haka ya fi.

Lemon kwalba na bari rana ɗaya, ban sake waiwayarsa ba. Shayi kuma na bi shi a hankali, ina rage cokali ɗaya duk sati, domin na san halina, in na yanke gaba ɗaya zan koma da fushi. Mai shayinmu ya yi ta tsokanata, "Malam, yau ma na marasa lafiya za a haɗa?" Bayan wata biyu, da na kurɓi na wani bisa kuskure sai da na ji kamar an narka alewa. Zoɓo da kunun aya na gida ana ɗebar mini nawa kafin a zuba sukari. Kada ka ce za ka koma zuma ko mazarƙwaila, a wurin hanta duk kanwar ja ce. 'Ya'yan itace kuwa ka ci su da tsokarsu, gwaiba, lemo, mangwaro ɗaya, ba ka matse biyar ka shanye ba.

Tuwo, surfe da miya

A nan ne na fi jin daɗin karatun da na yi, domin ya mai da ni ga tukunyar kakata. A cikin babban hanjinmu akwai ƙwayoyin halitta masu amfani bila adadin. Abincinsu shi ne abin da cikinmu ba ya iya narkarwa: dusar hatsi, ɓawon wake, zaren ganye. In sun ci suna fitar da wasu sinadarai, mafi shahara shi ne butiret. A 2013 ƙungiyoyin masana daban-daban sun nuna a ɓeraye cewa waɗannan sinadarai na sa a sami ƙarin dattawan sulhu a hanji. Suna kuma ƙarfafa bangon hanjin, ta yadda gubar da ke tsallakawa zuwa hanta za ta ragu. Ban ce maka kwanon dambu zai warkar da hantarka ba. Amma in akwai hanyar da talaka ke da ita ta kyautata wa waɗannan ƙwayoyi ba tare da ya cuci kansa ba, to wannan ce.

Mu kuma me muke yi? Mu surfe dawa da gero tas, mu ba tumaki dusar, mu ci farin. Sannan mu sayar da waken da muka noma mu sayo taliya da farar shinkafa. Na roƙi uwargida a riƙa yi mini surfe sama-sama, wani lokaci a niƙa dawar da dusarta. Ta ce, "Malam, tuwon zai yi baƙi, yara ba za su ci ba." Muka yi sulhu, ana tuƙa nawa a ƙaramar tukunya. Yanzu biyu daga cikin yaran nawa suke wawa.

Tsarin kwanona ya koma haka: malmala ɗaya maimakon biyu da rabi, miya mai yawa, kuka ko kuɓewa ko yakuwa ko ayayo, ba a cika mata mai ba. Wake kusan kullum, ko da shinkafa wadda waken ya rinjaye ta, ko ɗan wake, ko alale. Kwaɗon zogale ko rama da ƙuli-ƙuli kafin babban abinci, domin in ya riga shiga ciki tuwon ba ya samun wuri sosai. Kifi in an samu, ƙwai, nono marar sukari. Soye-soye irin su fanke, ƙosai da awara na mai da su na ranar kasuwa kawai. Ban daina cin nama ba, na dai daina zaɓar tsoka mai kitse da kiran mai tsire ya ƙara mai.

Azumi dama ce babba, amma da yawa muna ɓarar da ita a cikin minti ashirin na buɗa-baki. Dabino uku da ruwa, ka yi Magariba, sannan ka ci abinci na gaske. Mai ciwon suga da ke shan magani, da wanda hantarsa ta riga ta ƙandare, su tambayi likita kafin watan ya kama.

Ka sauka daga babur

Mahaifina ya yi noma da fartanya har ya tsufa, bai san teɓa ba. Ni kuwa tun da na sayi babur ko masallacin Juma'a ba na zuwa a ƙasa. Abin da ake so shi ne aƙalla minti 150 a sati na motsin da zai sa numfashi ya ɗan ɗaga, kamar minti 30 sau biyar. Motsa jiki na rage kitsen hanta ko da sikeli bai nuna canji ba, domin tsoka mai aiki na janye suga daga jini. Makarantarmu tafiyar minti 25 ce daga gida. Na ajiye babur. Da damina na karɓi rabin gonata daga hannun 'yan ƙwadago na koma noma da kaina. Matan da ba sa fita, daka da shara da ɗibar ruwa duk motsi ne, matsalar tana ga wadda 'ya'ya suka ɗauke mata komai ta koma zaman tabarma.

Abin da ba za ka haɗiya ba

Duk abin da ya shiga baki, hanta ce ke karɓarsa. Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, na basir, na shawara, na ƙarfin maza, ka ajiye su. Ban raina maganin gargajiya ba, da shi aka raine mu, amma hantar da ke fama ba wurin gwaji ba ce, kuma likitoci na ganin mutanen da jiƙo ya ƙone wa hanta.

Ƙwayoyin ƙiba da mata ke sha, waɗanda ake kira sha-ka-fashe, musamman gab da biki, da yawansu akwai dekzametazon a ciki. Yana kumbura fuska, ya tara kitse a ciki da hanta, ya tada suga, ya danne garkuwar jiki gaba ɗaya. Wallahi in da iyaye sun san abin da yake yi, da ba su bar shi ya shigo gida ba. Farasitamol ba laifi in an bi ƙa'ida, kada baligi ya wuce giram 4 a rana, mai ciwon hanta kuma likita zai rage masa. A lura, magungunan mura da na ciwon jiki da yawa akwai shi a ciki, sai mutum ya ninka bai sani ba. Mai shan giya a ɓoye, ya faɗa wa likitansa gaskiya ya kuma bari, ba wanda zai ji. In kuma likita ya rubuta maka maganin rage maiƙon jini ko na suga, kada wani ya tsorata ka da cewa zai taɓa hanta ka daina sha.

Sai gyaɗa da masara. Wadda ta yi fumfuna na ɗauke da guba mai suna afalatoksin, wadda ke jawo dajin hanta, kuma haɗarin na ninkuwa ga mai nau'in B. Dafuwa ba ta kashe ta. A busar da amfani sosai a kan leda ko tabarma, ba a ƙasa ba, a ɗora buhu a kan katako, a tsince duk ƙwayar da ta canja launi ko ta motse. Mun saba mu kai mai kyau kasuwa mu bar ragowar a gida don ƙuli-ƙuli da miya. A gidana an daina.

A Amurka an amince da wani magani mai suna resmetirom a watan Maris na 2024, sannan da allurar semagulutayid a 2025, duka ga waɗanda tabonsu ya kai matsakaici ko sama amma hantar ba ta riga ta ƙandare ba. Suna da tsadar da ta fi ƙarfin irinmu, kuma ko can tare da gyaran abinci da motsa jiki ake ba da su.

Alamomin da ba a kwana da su: ido ya yi ɗorawa, ciki ya kumbura da ruwa, ƙafafu su haye, aman jini, baƙin bayan gida kamar kwalta, ko mutum ya fara ruɗewa yana barci da rana yana kwana ido biyu. A nemi mota a tafi babban asibiti a ranar.

Abin da ya fi ba ni wahala ba yunwa ba ce, mutane ne. A wurinmu teɓa alamar hutu ce, rama kuma alamar ciwo ko bashi. Da na sauke kilo biyar, mahaifiyata ta aika a kira ni. Ta kalle ni tun daga sama har ƙasa ta ce, "Kai, faɗa mini gaskiya, me ke damunka? Ko matarka ba ta ba ka abinci ne?" Na ce, "Inna, lafiya ce nake nema, likita ne ya sa ni." Ta ce ita ba ta taɓa jin likitan da ke sa mutum ya lalace ba. Washegari ta aiko da kwanon fura cike da sukari. Na karɓa da hannu biyu na yi godiya, jikokinta suka shanye. Ka shirya wa irin wannan, kuma ka sami mutum ɗaya a gidan, wanda ke riƙe da tukunya, ka yi masa bayanin komai tun daga farko.

Bayan wata goma na koma Kano. Nauyi kilo 84, ƙugu santimita 97, ALT ya sauko daga 64 zuwa 31, suga ya ja baya daga bakin ƙofa. Mai sikanin ya ce har yanzu akwai kitse, amma ya ragu. Likita ta ce in ci gaba, a maimaita lissafin FIB-4 bayan shekara biyu ko uku. Saura santimita uku in kai 94, kuma sun fi na farkon taurin kai, wata huɗu ke nan tef ɗin bai motsa ba. Na kai wa tela wanduna huɗu ya rage musu ƙugu, ya ce in bar na biyar tukuna, wai ya ga irina da yawa bayan Babbar Sallah.